Tambaya da Amsa: Kulob ɗin masu kama kifi su saki, me suke yi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Yawuri ne, neman abinci ya kawo ni unguwar Bronx a birnin New York. Wani Bature abokin aikina ya matsa min sai na bi shi kulob ɗinsu na masu fatsa, wai shi fly fishing, ya nuna min hoto yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, ya kama kifi kuma ya mayar dashi ruwa. Ni da na tashi a bakin kogin Kwara abin ya ɗaure min kai. Dan Allah me suke yi a kulob ɗin? Kuma taron da yace ana yi a Catskills, yankin tsaunukan nan dake arewa da birnin, irin na Argungu ne? In je ko in ƙyale?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka je. Amma kar ka tafi da buhu ko kula, don in miya kake nema kasuwar kifi tafi maka sauƙi da arha.

Bari in fara da fatsar ita kanta. Ba a saka tana, ba a saka ƙulli. Ƙaramar ƙugiya ce ake naɗa mata gashin zakara da zare har ta yi kama da ƙwaro, kuma tunda bata da nauyi ko kaɗan ba zata jefu da kanta ba, igiyar ce mai kauri da nauyi, ita ake lilo da ita gaba da baya da sanda mai tsawon ƙafa 9 sai ta ɗauki ƙwaron bogin ta ajiye shi a hankali saman ruwa. Kifin da suke bi sunansa tirawut, ɗan ruwan sanyi ne, ƙwari yake ci kuma yana da tsirfa. Kasan yadda shinge ke ɓarkewa bayan ruwan farko, kaji da kadangaru su manta da komai sai shi? To haka ƙwarin kogi suke fitowa, kowanne da lokacinsa. Akwai wanda suke kira Hendrickson yana fitowa wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, in ya fito ka jefa wani abu daban kifin ko kallonka ba zai yi ba. Sanin wane ƙwaro ne ke kan ruwa yau shine rabin sana'ar, kuma ba ka samun wannan sai a bakin tsofaffin hannu. Amfanin kulob kenan.

Yawanci sau ɗaya suke haɗuwa a wata, da yamma bayan an tashi aiki, a ɗakin taro na laburare ko wani zaure da suka ara. A gayyato wani yayi bayani, ko ma'aikacin hukumar kula da muhalli ta jiha wato DEC ko wani mai yiwa baƙi jagora a kogi, a sha kofi, a yi musun girman kifin da ya tsere. Da hunturu kuwa, lokacin da ƙanƙara ta zaunar da kowa, sai a koma ɗaurin ƙwari. Wannan zaman ni shi nafi so. Zaka ga dattijo ɗan shekara 70 da tabarau a ƙarshen hanci, ya matse ƙugiya mai lamba 14 wadda bata fi tsawon farcen ƙaramin yatsa ba, ya zagaya mata zare, ya ɗora 'yan silin gashi a matsayin wutsiya, ya ɗauko gashin wuyan zakara guda ɗaya ya naɗa har silin ya miƙe tsaye, ya ƙulle ya ɗiga gam, minti biyar ya miƙo maka a tafin hannu yace gashi kyauta. Sabon zuwa kuma a fili ake koya masa jifa, kan ciyawa, a ɗaura guntun ulu maimakon ƙugiya don kar ya huda kunnen wani.

Sai aikin gayya, wanda a ganina shine ainihin dalilin kafa su. Babbar ƙungiyar da yawancin rassan nan ke ƙarƙashinta, Trout Unlimited, an kafa ta ne a 1959 a bakin kogin Au Sable a jihar Michigan, mutum 16 ne suka taru don sun gaji da yadda hukuma ke juye kifin kiwo a kogi maimakon a gyara kogin kifi ya hayayyafa da kansa. Har yau haka suke, Asabar su fita kwashe shara a gaɓa, su dasa itatuwa don inuwa ta sanyaya ruwa, su auna zafin ruwa, su je zaman jin ra'ayin jama'a suyi ta gardama da hukuma kan yawan ruwan da ake saki daga madatsa. Akwai ma shirin da ake kai ƙwan kifi ajujuwan makarantun birnin da kaka, yara su raina, da bazara a kai su saki a rafi. Kuma kar ka ɗauka abin bai shafe ka ba, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan famfon New York daga madatsun yankin Catskills da Delaware yake zuwa, su Pepacton da Cannonsville da Neversink da Ashokan.

Maganar Argungu kuwa, cire ta a ranka. Can dubban masunta ne ke auka wa Matan Fada da koma da gora a lokaci guda, ganga na tashi, wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi ya ci kyauta. Nan ba sikeli ba gwarzo. A garin Roscoe dake Catskills, tafiyar kamar awa biyu a mota daga birni, akwai wani gurbi da ake kira Junction Pool inda rafin Willowemoc ya haɗu da Beaverkill, ranar 1 ga Afrilu a al'adance ake taruwa da sassafe ayi jifan farko na shekara, sanyi na yanka hannu, sau da yawa ma ba a kama komai ba, zumunci ne kawai. Suna da tatsuniyar wani kifi da ya rasa wane rafi zai bi har ya tsiro kai biyu, akwai liyafar dare da ake yi da sunansa. A watan Yuni garin Livingston Manor dake kusa yana faretin kifi, yara da makaɗa da mutum-mutumin kifi ƙato a kan titi, a nan ne kuma gidan tarihin wannan fatsa yake, inda masu ɗaurin ƙwari da masu sassaƙa sandar gora ke taronsu. In kayan aiki kake so ka gani da ido, babban baje kolin garin Edison a jihar New Jersey cikin Janairu ake yi.

Me yasa Catskills? Sanadin wani Theodore Gordon ne da ya zauna a bakin kogin Neversink dake yankin, a 1890 Frederic Halford na Ingila ya aiko masa da samfurin ƙwari masu yawo saman ruwa, shi kuma ya sake musu fasali su dace da ƙwarin Amurka da ruwa mai gudu. Ya rasu a 1915 amma har gobe ana ɗaura ƙwaron da ke ɗauke da sunansa, Quill Gordon.

Sakin kifin da ya ɗaure maka kai lissafi ne. Rafukan ƙanana ne, masu zuwa dubbai, in kowa ya tafi da biyar kafin ƙarshen bazara an share. Wasu sassan Beaverkill da Willowemoc doka ce ma dole ka saki, wasu wuraren kuma an yarda ka ɗauki ɗan adadi tsakanin 1 ga Afrilu da 15 ga Oktoba, sai ka duba ƙa'idar wurin kafin ka shiga. Ni dai ra'ayina in zaka saki to ka saki da kyau, ka danne ƙayar ƙugiya da filaya, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kar ka tsaya hoto goma yana haki. In zafin ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin salshiyos ka naɗe igiyarka, don kifin da aka wahalar a ruwan ɗumi ko an sake shi mutuwa yake. Shi yasa ake rufe wani sashe na Beaverkill wajen Horton a Yuli da Agusta. Ga abin dariya, irin mutanen nan ne ke biyan maƙudan kuɗi su je kogin Faro a arewacin Kamaru suna jefa wa giwan ruwanmu ƙwaron bogi cikin dare.

Abu biyu ka sani tun daga gida, a liyafarsu akan sha giya, kuma suna tara kuɗin ƙungiya ta hanyar sayar da tikitin cin kyauta, in baka so kace gudummawa kawai zaka bayar ba wanda zai ga laifinka. Lasisi wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 16, ana yanka a intanet a shafin DEC, na mazaunin jiha dala 25 ne a shekara in ba a canza ba. Kar ka sayi sanda ko wandon robar nan mai kaiwa ƙirji tukuna, kace wa abokinka ya ara maka, kusan kowannensu yana da biyu ko uku a bayan mota. Sai dai ka ɗaura bel ɗin wandon tam kafin ka shiga ruwa, duwatsun Beaverkill santsi garesu ba kamar yashin Yawuri ba.