Rediyona mai DSP ya cika da ƙara, shin busta ce maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Argungu nake. Na daɗe ina tara kuɗi kafin na sayi Icom IC-7300, rediyon karɓa da aika magana, saboda an ce DSP ɗinsa, wato sashen da ke tace sigina da lissafi, na share ƙara. Amma da daddare a zangon mita 40, wato wajen kilohaz 7000, ba na jin komai sai shuuu, ma'aunin S mai nuna ƙarfin sigina yana kan 8 ko babu mai magana. Wani mai gyara ya ce rediyon ne ba ya kamawa sosai, in kawo ya sa mini busta. Hankalina ya tashi, ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, abin da ka bayyana bai nuna jabu ba. Cire eriya daga bayan rediyon ka saurara. Idan ƙarar ta faɗi, ma'aunin ya koma ƙasa, to kunnen rediyonka lafiya lau yake, daga waje ƙarar ke shigowa.

Maganar busta kuwa, don Allah kada ka yarda. Kusan kullum sai an kawo mini wannan zance, kuma yana ɓata mini rai, domin mai gyaran talabijin ne ke ɗauko dabarar eriyar talabijin ya ɗora wa na'urar da bai san cikinta ba. Busta ba ta bambance muryar mutum da ƙara. Duk abin da eriya ta kwaso shi take ɗagawa baki ɗaya. S8 ta zama S9 da ɗoriya, wanda kake son ji kuma yana nan a binne yadda yake.

A irin rediyonka ma abin ya fi muni. Sigina na wuce matatar farko ne ya faɗa kai tsaye cikin ADC mai bit 14, wato sashen da ke mayar da sigina lambobi, wanda ke ɗaukar awo kusan sau miliyan 124 a daƙiƙa guda. Wannan ADC kamar mudu yake a kasuwar hatsi, in ya cika duk abin da aka ƙara zubewa yake yi. Daga kilohaz 7200 zuwa sama, dab da inda kake saurare, manyan tashoshin duniya ne jere, wasu da ƙarfin ɗaruruwan kilowat, kuma da dare suke saukowa da nauyinsu. Ka ɗora musu busta, mudun ya tumbatsa, alamar OVF mai nuna ADC ya cika ta bayyana a allo, siginonin ƙarya su watsu ko'ina. DSP yana aiki ne da lambobin da ADC ya miƙo masa. Abin da ya lalace tun a ƙofa, babu lissafin da zai dawo da shi.

Sannan ga hatsarin da mai gyaran bai gaya maka ba. Bustar talabijin ta karɓa ce kawai, kai kuma wat 100 kake fitarwa. Na taɓa buɗe wata da aka yi wa haka: tiranzistan ya fashe, allon ya yi baƙi ƙirin, warin ƙuna ya cika shago. Rediyon kuma yana ta tura wuta cikin layin da ya riga ya mutu. Kuɗin shekaru ke nan ake wasa da su. Ai rediyon ya zo da P.AMP nasa, wato bustarsa ta ciki, har hawa biyu, amfaninsu ya fi a mita 10 da mita 6. A mita 40 kashe su, ka rage RF gain, wato ƙarfin karɓa, in OVF ta ci gaba da fitowa ka kunna ATT mai rage siginar da ke shigowa.

Yanzu nemi inda ƙarar take. Haɗa rediyon da batir shi kaɗai, ka kashe inbata, na'urar cajin sola, ƙwayayen LED da cajojin waya. Idan S8 ta sauko, kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa. A gidajenmu galibi inbata ce ko na'urar cajin sola. Naɗa wayoyinta a zoben ferayit mai tare ƙara, ka sa wani a kebul kusa da eriya, ka kuma nisanta eriyar da rufin da faifan sola yake.

Bayan haka ne DSP zai yi maka rana. Matse matata daga kilohaz 2.4 zuwa 1.8, ka ɗaga NR, wato maɓallin rage ƙara, kaɗan kawai, don in ya yi yawa murya takan koma kamar daga cikin rijiya. Ƙarar tsawa ta damina kuwa daga sama take, sai haƙuri. Da ka ga hadari ya haɗo, zare kebul ɗin eriya gaba ɗaya ka ajiye shi nesa da rediyon.