Kan batir ɗinka na zafi? Duba haɗin kafin ka sayi sabo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon lemo da ruwan sanyi a Daura. Na sa sola da inbata mai bolt 24 saboda firiji. Kan batir ɗaya yana zafi har ba ya taɓuwa, robar wayar ta fara narkewa. Wanda ya yi aikin, murɗa wayar ya yi a jikin noti ya ɗaure. Yanzu ya ce batirin ne ya lalace. In sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, amma ka kashe inbatar yau ɗin nan, don irin wannan ne ke jawo gobara. Batir in ya lalace, jikinsa ne ke zafi ko ya kumbura. Zafi a kai ɗaya kuwa, galibi haɗin ne ba daidai ba.

Inbata mai bolt 24 in tana ɗauke da kayan wat 2,400, tana jan amfiya 100 ko fiye daga batir. Wayar da aka murɗa a noti, silinta kaɗan ne ke taɓa ƙarfen, sauran sun baje gefe. Duk wutar nan ta wannan ɗan wurin za ta bi, sai ya ɗau zafi, zafin ya sassauta notin, sassautawar ta ƙara zafi. Ga kuma ranar watan Afrilu a ƙasar Katsina, da ke haura digiri 40.

Abin da za ka saya shi ne log, kan jan ƙarfe mai rami da ake cusa wayar ciki a matse. Duba lambar da ke jikinsa. In ka ga 25-8, na waya mai kaurin milimita murabba'i 25 ne, raminsa kuma na noti mai milimita 8. Kada a ba ka babba a ce a ninka waya, kada kuma a yanke sili don ta shiga ƙarami.

Je kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu. In ya kama log ɗin, baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe, ajiye musu kayansu. Kankare gefensa da wuƙa: na kirki ja ne a ciki. Wayar ma a kankare ta. In cikinta fari ne, alminiyam ce, kuma alminiyam da jan ƙarfe in sun haɗu da danshi suna cin juna. Ni dai wayar batir ba na yarda da ita sai jan ƙarfe zalla.

Wajen matsewa ne aka fi yin ganganci. Bugu da guduma ko cizo da filaya ba ya isa. Nemi mai gyaran da ke da na'urar matse log, ya matse a gabanka, ka ja da ƙarfinka. In ta motsa, a sake. Sannan a sa robar da ke tsukewa da zafi, a goge kan batirin, log ya kwanta a kansa kai tsaye, washa da noti su biyo a sama.

Tambaya: Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina: wayar faifan solata a kan rufi salatif aka naɗe ta da shi. Ya isa?

Amsa: Bai isa ba, Hajiya. Rana na busar da salatif, damina ta shigar da ruwa. A sa mahaɗin MC4, wato fulogin haɗa wayoyin sola, mace da namiji na kamfani ɗaya, daidai da waya mai kaurin 4 ko 6. Kuma kada a zare shi alhali wuta na bi ta ciki.