Amsa ga Kawu: CDC ba asibiti ba ce

Kawu, Allah ya ja kwana. Ka ce tunda muna zaune a Atlanta, garin da hedikwatar CDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, take, ai da zarar yaro ya yi tari can muke garzayawa. Wallahi akasarinmu ba su taɓa taka ƙofarta ba. Ofisoshi ne da ɗakunan gwaje-gwaje kusa da jami'ar Emory, ga masu gadi a bakin ƙofa. An kafa ta a 1946 don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda a zamanin ya addabi kudancin Amurka, shi ya sa ma aka ajiye ta a nan.

Ita hukumar tarayya ce. Aikinta bin diddigin cututtuka, ba da shawara, da tura kuɗi da ƙwararru ga jihohi. Allura kuwa da duba mara lafiya aikin jiha ne. Jojiya, jihar da Atlanta take, tana da gundumomi 159, kowace da sashen lafiyarta, to nan ne namu suke zuwa.

Inda muka fi jin hannun tarayya shi ne rigakafin yara. Bayan ƙyanda ta ɓarke tsakanin 1989 da 1991 aka fito da wani shiri a 1994: CDC ta sayi alluran, jiha ta raba wa asibitoci, yaron da bai kai 19 ba kuma ba shi da inshora, ko yake kan Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, a yi masa ba a biya kuɗin maganin ba. Makaranta ba ta karɓar yaro sai da takardar shaidar rigakafi, wadda a nan kowa ke kira 3231. Saboda haka in sabon baƙo ya iso da iyali, tambayar farko da matanmu ke yi wa uwar ita ce, "Kin zo da katin allurarsu?" In ta zo da shi, ko ya yi daƙal-daƙal, ma'aikaciyar jinya ta kwafe kwanakin ta cike abin da ya rage. In an baro shi a ƙasan akwati a Kano, sau da yawa sai a sake daga farko, yaro ya sha tsira a banza. A gidan suna ake koyar da wannan, ba a ofis ba.

Sai gwajin tarin fuka. Yawancinmu muna da tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a dantse, shi ya sa gwajin fata kan kumbura ko ba ka da cutar. Tsofaffin zama sun san su nemi na jini.

Abin da nake ganin muna sakaci da shi shi ne maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kafin zuwa gida. Mutum ya shekara goma a nan, ya ce ai da sauro ya girma, alhali garkuwar ta riga ta tafi. Kusan mutum 2,000 ake samu da cutar a Amurka duk shekara, kuma da yawansu masu dawowa ne daga ziyarar dangi.

Batun ƙafar Hajiya kuwa, likitan ƙashi take buƙata, kuma nan da kuɗi ko inshora ake ganinsa. Ka turo min hoton takardun asibitinta in nuna wa wani likita cikin 'yan'uwa.