Ku Tambayi Kawu: basket a makarantunmu, ina ƴan kallo suka shiga?

Wannan makon wasiƙun basket ne suka cika mini waya, daga Tawa da Yamai mafi yawa, na zaɓi biyar. Masu tambaya kan Mena ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a nan Tawa, ina cikin ekip ɗin basket ta makarantarmu shekara ta biyu ke nan. Wallahi Kawu abin na ci mini rai, kusan kullum da marece muna fili, balo da kuɗinmu muka saya, raga ma mu muka ɗaura, amma ranar da za mu kara da wata makaranta in ka waiga bakin fili ba kowa sai abokanmu na ɗaki da yaran unguwa masu jiran balo ya fita su ɗauko. Ranar da ake nuna Barça da Real kuwa ko wurin tsayuwa ba ka samu a gidan kallo. Mutanen Tawa ne ba su son basket ko mu ne ba mu iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Wasan da kuka yi na ƙarshe, wa kuka faɗa wa? Ba status ɗin WhatsApp da kuka ɗora da daren jajibiri nake nufi ba, wanda ba mai gani sai ku da kanku. Mai shayin ƙofar makaranta ya sani? Ƴan kabu-kabun da ke kai ku kur kullum fa? Fadar da ke zaune bayan katangar filinku suna jin ƙarar balo tun bara, an taɓa zuwa an gaishe su an ce ranar kaza muna da wasa ku zo?

Kada ka ce mutumin Tawa ba ya son kallo. A garin nan aka yi gasar kokuwa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauke takobi, kuma har yau in gasar ta zagayo, jihohi 8 kowace da ƴan kokuwa 10, tun da safe ake neman wurin zama. To ka zauna ka duba me ke cika filin nan. Ba iya kaye kaɗai ba ne, kowa ya san wanda ke cikin fage, ya san garinsu, ya san wanda ya kada shi bara da wanda yake nema bana, makaɗi na kiran sunan ubansa da na kakansa, ga cali-cali na sa mutane dariya kafin a kama, tsohuwar da ba ta san dokar kokuwa ba ma tana da nata a ciki. Mutum nasa yake zuwa kallo. Barça ɗin da ka ambata ma ai haka ne, yaron da ke ihu a gidan kallo ya san sunan kowane ɗan wasa har da wanda ke benci da kuɗin da aka saye shi.

Ku kuma fa? Jami'ar Tawa a 2010 aka kafa ta tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, jiya-jiya ke nan, sauran manyan makarantun garin ma da yawa sababbi ne, ɗaliban kuma wani daga Dosso wani daga Agadas wani daga Diffa, ku yi shekara uku ku kama gabanku. Mutumin Sabon Gari ko na Wadata bai san ku ba, me zai fitar da shi cikin rana? Labarin jami'o'in Amurka da kuke gani a waya, inda ake babbar gasarsu a watan Maris fili cike maƙil, waɗannan makarantu ne da kaka ya yi karatu a ciki uba ya yi, ekip ɗin ta zama ta garin. Wasan ma can aka ƙirƙire shi cikin makaranta, wani malami James Naismith a 1891. Ba da ihu suka fara ba, daɗewa ce ta kawo shi.

Ga abin da zan yi in ni ne ku. Ku tsaida rana guda da lokaci guda, misali kowace Asabar bayan la'asar, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba a yi wasa, har mutane su saba. In kun ce ƙarfe biyar ya zama biyar, ba a tara jama'a sannan a tafi neman usur ko aron rigar wasa ba, kuma a gama kafin kiran magariba don ba mai tsaya muku bayan nan. Sannan yaran nan masu ɗauko muku balo su ne jarinku kuna raina su, ku ware musu safiyar Asabar ku koya musu, ranar wasanku ku sa su buɗe fili da ɗan wasa na minti goma, ko ku gayyato lise biyu na gari su fara karawa, za ka ga yayye sun zo, uwa ta aiko a gano mata ɗanta, wani uban ya tsaida babur ya leƙo. Wanda ya zo don ɗansa zai tsaya ya gan ku.

Ku kuma nemo mai baki ɗaya cikin ɗalibai, ba a rasa shi a kowace makaranta, ku ba shi lasifika ya riƙa faɗin ci nawa da nawa, ya yi wa kowa kirari da sunan garinsu, ya bayyana abin da ya sa arbit ya busa. Yawancin mutanenmu suna tashi daga kallon basket ne don ba su gane wa ke gaba ba, a balo ci ɗaya ne kowa ya gani, a nan kuwa wani jifa ɗaya wani biyu wani uku, ba allo ba mai faɗa. Ko baƙin allo na aji da alli ya isa. In da mai kalangu a kusa ku ba shi na goro. Gidajen rediyon gari kuma suna da shirin wasanni kuma sukan so labarin gida, ku je da ƙafarku.

Batun ko ba ku iya ba, ban gan ku ba balle in yanke. Amma in har kuna zubar da jifa a gindin kwando kuna ta harbin nesa don a ce kun yi irin na NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, mai kallo ko bai san doka ba ya san balo bai shiga ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce, muna zaune Harobanda. Ɗiyata ta shiga jami'a bana, tun tana lise take wannan wasa na kwando, yanzu an ce an ɗauke ta ekip. Babanta bai hana ba amma dangi sun dame ni, wai ba tarbiyya ba ce mace ta riƙa tsalle gaban maza, ni kuma tsorona karatu da shiga. Me ka gani?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya. Maganar shiga tana da sauƙi yanzu, tun 2017 hukumar basket ta duniya FIBA ta yarda mace ta yi wasa da kanta a rufe ko a gasar ƙasa da ƙasa, dogon hannu da dogon wando a ƙarƙashin rigar wasa ma ana sawa, don haka ba wani koci da zai ce mata dole sai ta cire ɗankwali, in ya faɗa ra'ayinsa ne ba doka ba. Wasan mata kuma nasu ne daban, har balonsu lamba 6 ne, ya ɗan fi na maza ƙanƙanta.

Karatu kuwa ke za ki sa sharaɗi tun yanzu, sakamakon kowane zango ki gani da idonki, in ya yi ƙasa balo ya jira. Abin da na fi so ki yi shi ne ki je da kanki, ai Jami'ar Abdou Moumouni a unguwarku take ba sai kin ƙetare gadar Kennedy ba. Ki ga fili, ki gaisa da mai horas da su ki karɓi lambarsa, ki san ƙarfe nawa ake tashi da wadda suke dawowa tare, in akwai tafiya wani gari ki tambayi wace babbar mace ce za ta raka su. Koci na kirki murna zai yi, wanda ya ɓata rai don uwa ta zo kuwa kin samu amsarki. Ki ja ɗaya daga cikin gwaggwannin nan masu magana ku tafi tare, sau da yawa mai sukar bai taɓa ganin abin ba.

TAMBAYA: Kawu barka. Tsawona mita 1.96, ina shekarar farko a wata makaranta nan Yamai. Wani ya same ni a Facebook ya ce ya ga bidiyona, zai samo mini bursi a Amurka in na tura jika 300 na dosiye. Yayana ya ce zai saida babur ɗinsa. In tura?

AMSA: Kada ka tura ko dala, kuma ka ce wa yayanka ya riƙe babur ɗinsa. Makarantar da ke son ɗan wasa ita ke kashe kuɗi a kansa, kocinta na da suna da adireshi a shafin makarantar, za ta nemi takardun karatunka tun daga lise da sakamakon bak da shaidar kana jin Ingilishi, don NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba ta barin ɗalibi ya yi wasa sai karatunsa ya cika sharaɗi. Wanda bai tambaye ka ko maki ɗaya ba sai kuɗi, ka san me yake nema.

Hanya tana nan, ba na so in kashe maka gwiwa. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston, shi aka fara zaɓa a NBA a 1984, ya ci kofi 1994 da 1995, kuma golan balo ne kafin ya kama basket. Pascal Siakam na Kamaru ma ta jami'a ya bi. Amma dukansu wani ya gan su ido da ido a fili. NBA na da makarantar horo a Saly ta Senegal, ga BAL, gasar kulob-kulob na Afirka da aka fara a Kigali a 2021, ekip ɗin Nigelec ta nan gida ma ta shiga wasannin share fagenta. To ka nemi kulob mai rajista da FENIBASKET, hukumar basket ta ƙasa, ka yi gasar ƙasa, a san ka a Palais du 29 Juillet tukuna. Kuma ƙanena, 1.96 dogo ne a Boukoki, a Amurka kuwa masu wannan tsawo su ke riƙe balo a waje, sai ka gyara dirbil da hannun hagu.

TAMBAYA: Ni malamin wasanni ne, ina horas da ɗalibai kyauta bayan aiki. Sai ana gobe wasa suke cika fili, sauran kwanaki mutum huɗu ko biyar. Na gaji.

AMSA: Sannu da ƙoƙari Malam, irinku ne ke riƙe da wasan nan a ƙasar. Wanda bai zo horo ba kada ya fara wasa ko da shi ne gwaninku, sau ɗaya za ka yi ka sha kashi su gane. Amma ka duba lokacinka ma, a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, siminti na riƙe shi har yamma, ɗalibin da ya fito aji bai ci komai ba ba lalaci ne ya hana shi ba, ka gwada bayan asuba. Ranar da mutum shida suka zo kada ka sallame su, ku yi uku da uku a rabin fili, minti 10 ko wanda ya fara kai 21, wannan wasa ne mai zaman kansa da ya shiga Olamfik tun Tokyo. Ka kuma daina ɗaukar komai kai kaɗai, ka naɗa kaftin ya riƙe rajistar zuwa, wani ya riƙe asusun ruwa da faci, kowa dala ashirin a mako.

TAMBAYA: Kawu mu ne ƴan fada daga Talladje, gardama ta sarƙe. Ana yin kunnen doki a basket? Kuma ɗan wasa laifi nawa yake yi a kore shi? Shayi na kan wanda ya faɗi.

AMSA: Ba a tashi kunnen doki. Wasa kashi 4 ne kowane minti 10, in an ƙare daidai sai a ƙara minti 5, in an sake a ƙara wasu har sai wani ya wuce. Laifi 5 ne ke fidda mutum a dokar FIBA da muke bi, wanda ya ce 6 NBA yake kallo inda kashi ma minti 12 ne, don haka ku raba kuɗin sukari. Tunda kuna da lokacin gardama, makarantar da ke kusa da ku na da ekip, ku ɗauki butar ku je bakin filinsu ranar wasa, amma ban da zagin arbit, yawancinsu ko kuɗin mai ba a ba su.