Tambaya da Amsa: Shin Jirgin da Ba Ya Girgiza Ya Fi Aminci a Hanyar Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina aiki a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. A watan Yuli mahaifiyata za ta kawo mini ziyara daga Kano, tare da ƙanwata da ɗanta mai shekara biyar. Hajiya tana son ganin Zanzibar, amma ko kwalekwale ba ta taɓa hawa ba, ga hawan jini. Tun da ta ji labarin jiragen da suka kife a can hankalinta ya ƙi kwanciya, ni ma nawa ya tashi. Wani abokin aikina ya ce kada in kuskura in sa ta a jiragen nan masu gudu, wai ba su da nauyi, ruwa wasa yake da su. Ya ce in nemi babban jirgin da ke kwasar kaya da mutane da daddare, wanda ya sha lodi, domin nauyi ne ke zaunar da jirgi, ba ya girgiza, ga kuma arha. Gaskiya ne? Ko dai in haƙura da tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo su Hajiya lafiya, ya yi maka albarka da wannan kulawa. Kada ka fasa tafiyar. Ka saya musu tikitin jirgin fito mai gudu, na safe, a tagar kamfanin da kansa ko a shafinsa na intanet. Tashar ka san ta, ga ta nan daura da cocin St. Joseph, kuma ka san awa biyu ne ko ƙasa da haka zuwa tashar Malindi a Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Dubban mutane na bin hanyar nan kullum su dawo gida lafiya.

Shawarar abokin aikinka kuwa ita ce ta sa na zauna rubuta doguwar amsa, domin tun da na fara aikin jirgi nake jin ta, daga bakin fasinja, daga bakin 'yan kamasho, har daga bakin masu jirage waɗanda suka san ƙarya ce. Wannan magana ta ci rayuka da yawa.

Akwai guntun gaskiya a cikinta, shi ya sa take da wuyar mutuwa. Nauyin da ke can ƙasan jirgi, kamar injina da tankunan da muke cikawa da ruwa da gangan, shi ne ke mayar da jirgi tsaye duk lokacin da igiyar ruwa ta karkatar da shi. Amma lodin da abokinka yake nufi ba ya sauka can ƙasa. Buhunan shinkafa da siminti da firiji da katifu a kan daɓen sama ake jibge su, mutane kuma su hau saman bene don shan iska. Ka tuna gingimarin da aka yi wa lodi har ya fi ƙarfin bodinsa, mutane na zaune a kan kaya, idan ya zo shan kwana. Ba wanda zai ce maka nauyin nan ya ƙara masa zama a kan titi.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne yadda jikin fasinja ke ji. Jirgin da nauyinsa ke ƙasa, idan ya karkata, da fizga yake dawowa, nan take. Ba daɗi, kofin shayi ya zube, yara su yi kuka, wasu su yi amai. Wanda aka tara wa nauyi a sama kuwa a hankali yake kwanciya, ya je can gefe ya ɗan dakata, sannan ya taso da ƙyar ya tafi ɗaya gefen. Fasinja sai ya gyara zama ya ce kai, wannan jirgi akwai natsuwa. Mu ma'aikata idan muka ji wannan lilon mai nawa, agogo muke dubawa mu ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka daga gefe zuwa gefe ya dawo. In lokacin ya fi yadda muka saba, gabanmu faɗuwa yake, domin alama ce ƙarfin da ke tayar da jirgin ya ragu. Wannan 'yar dakatawar da yake yi a gefe, wata rana ba zai taso daga ita ba.

Sai kuma bakin jirgi. Duk buhun da aka ƙara, jirgin na ƙara nutsewa, tazarar da ke tsakanin ruwa da daɓensa na raguwa. Shi ya sa ake zana alama a jikin jirgi, da'ira da layi ya ratsa ta, wadda ake kira alamar Plimsoll, da sunan ɗan majalisar Ingila da ya yi ta faɗa har aka sa ta a doka a 1876. Idan ruwa ya rufe layin nan, an wuce ƙa'ida, ko da akwai sauran wurin zama ɗari. Da zarar igiya ta fara tsallakowa ciki, sai wata masifar ta shigo. Ka taɓa ɗaukar faffaɗan baho da ruwa rabi a ka? Ka ɗan karkata kaɗan, duk ruwan ya ruga gefe guda ya nemi kayar da kai. Haka ruwan da ya kwanta a daɓen jirgi yake yi, sai dai shi da tan ake auna shi. Mutane ma haka suke. A watan Satumbar 2018 jirgin MV Nyerere ya kife a tafkin Victoria yana dab da tsayawa a tsibirin Ukara, a lokacin da cunkoson fasinja ya matsa gefe guda don shirin sauka. Sama da mutum 200 suka rasu, ga gaɓa suna kallo.

Labarin da Hajiya ta ji, ina kyautata zaton na jirgin Spice Islander ne. Ya tashi daga Unguja zuwa tsibirin Pemba da daddare, ya nutse kafin asuba ranar 10 ga Satumbar 2011 a ruwan da ke gaba da garin Nungwi na arewacin Unguja. Lasisinsa na mutum 600 da 'yan kai ne, binciken gwamnati ya nuna ya ɗauki sama da 2,000, ban da kaya. Waɗanda suka tsira, wasu katifa suka riƙe, wasu firiji. Wannan shi ne ainihin jirgin da abokinka ya kwatanta maka: babba, na dare, mai arha, wanda ya sha lodi. Bayan wata goma, ranar 18 ga Yulin 2012, MV Skagit ya kife kusa da tsibirin Chumbe a kan hanyar da za ku bi, daga Darussalam zuwa Zanzibar. Tsohon jirgi ne da aka sayo daga jihar Washington ta Amurka, inda aka ƙera shi don ruwa mai kariya daga manyan igiyoyi, aka kawo shi Tekun Indiya a tsakiyar lokacin iska. Sama da mutum 100 suka tafi. Hajiya ba ta buƙatar a kai ta nesa ma: ta san abin da ya faru a Bagwai a watan Nuwambar 2021, lokacin da kwalekwale ya kife da ɗaliban Islamiyya. Ruwa daban, jirgi daban, amma lodin iri ɗaya ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sau da yawa fasinja ne ke taya mai jirgi. Na taɓa tsayawa a bakin tsanin wani jirgi ina ƙirga masu shiga, adadi ya cika na sa igiya na tare. Wani dattijo ya riƙe hannuna yana roƙo, su bakwai ne kacal, biki za su, in dubi girman Allah. Na ƙi. Waɗanda suka riga suka zauna a ciki, waɗanda rayukansu nake karewa, su ne suka fi kowa zagina, suna cewa ga wuri nan fili, wane irin rashin tausayi ne wannan. Halin tashar mota ne muka ɗauko, na a matsa a ƙara mutum ɗaya. Mota idan lodi ya yi mata yawa, taya ta fashe ku sauka a gefen titi ku jira. A tsakiyar teku ba inda za a sauka. Kuma adadin da aka rubuta wa jirgi ba da kujeru kaɗai ake lissafa shi ba, har da yawan rigunan kariya da kwalekwalen ceto da ke cikinsa. Mutum na 601 a jirgin mutum 600 ba shi da riga.

Kada ka fahimce ni cewa girma laifi ne. Akwai manyan jirage masu rajista da ke ɗaukar motoci da mutane a wannan hanya bisa ƙa'ida. Jirage masu gudun ma ba su fi ƙarfin tsautsayi ba. Amma yawancinsu irin na kamfanin Azam masu gindi biyu ne, faɗinsu ke hana su kwanciya, kowane fasinja da sunansa a takarda, kuma da rana suke tafiya, lokacin da idan wani abu ya faru za a gan ku. Girgizar da abokinka yake tsoro ba ta wuce amai ba.

Aman nan kuwa ka shirya masa, domin Yuli tsakiyar iskar kudu ce, wadda mutanen can ke kira kusi, mai kaɗawa tun daga wajen Afrilu har Satumba. Da safe teku ya fi kwanciya. Dawowa daga Zanzibar da yamma ita ce mai wuya, don jirgin yana fuskantar iskar, saboda haka ku kwana a can ku dawo da safe. Ku zauna a ciki, benen ƙasa, daga tsakiya zuwa baya. Kada yaron ya ja ku zuwa buɗaɗɗen gaba don kallon ruwa. Hajiya ta karya da abu marar maiƙo, ta sha maganin hawan jininta kamar kullum, ta ajiye waya da karatu, ta riƙa kallon can inda sama ta haɗu da ruwa. Citta na taimaka wa wasu. Maganin hana amai irin su Stugeron da Avomine kafin a shiga jirgi ake sha, kuma suna sa barci, don haka likitanta ne zai ce ta sha ko kada ta sha, ba mai kemis na bakin tasha ba.

Bakin tashar nan ka fi ni sanin halinsa. Kafin ka sauka daga tasi wani ya cafke jakarka, ya ce tikiti ya ƙare, ko ofishi ya koma wani wuri, ya ja ka lungu. Kada ka tsaya musu da kowa. Tikitin da ba ya ɗauke da sunan da ke cikin fasfon Hajiya ba tikiti ba ne, kuma wanda sunansa ba ya cikin jerin fasinja, ko neman sa ba za a yi ba idan an shiga matsala. Kai ka tafi da takardar zamanka don farashin mazauna daban yake, su kuma na baƙi za su biya, wanda da dala ake lissafa shi. Ku riƙe fasfo a hannu, domin duk da haɗewar da Zanzibar ta yi da Tanganyika suka zama Tanzaniya tun 1964, har yau sai baƙo ya bi layin jami'an shige da fice a tashar Malindi. Tsayuwar na gajiyar da tsofaffi, ka nemi a ba ta kujera. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance tare da fasfon. Tun Oktobar 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44 daga kamfanin inshorarta, ka biya ta intanet kafin ranar. Bizar 'yan Najeriya ma ba a bakin filin jirgi ake bayar da ita ba, su nema tun yanzu.

Idan kun zauna, Hajiya ta karanta Bismillahi majreha wa mursaha, kai kuma ka duba inda rigunan kariya suke, ka ciro ɗaya ka nuna mata yadda ake ɗaurawa. A kan hijabi ake sa ta, a ja igiyoyin su kama jiki sosai, domin sakakkiyar riga sama take yi ta rufe fuska idan an faɗa ruwa. Ta manya ba ta yi wa yaro ɗan shekara biyar, zamewa zai yi ta ƙasa, ka tambayi ma'aikaci inda ta yara take tun jirgi bai tashi ba. Ka lura da ƙofar fita mafi kusa da ku. In kuma hukumar hasashen yanayi ta Tanzaniya ta yi gargaɗin iska mai ƙarfi a ranar, ko kamfani ya soke tashi, kada ka saurari wanda zai ce yana da wani jirgin da zai tsallaka da ku. Ka kai su Hajiya kasuwar Kariakoo su yi sayayya, washegari ku sake gwadawa.