Scrum, Kanban ko Waterfall: wanne ya dace da tawagarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke haɗa manhajoji a nan Jos. Muna gina wa wata makaranta a Bukuru manhajar biyan kuɗi da duba sakamako, ga tsofaffin kwastomominmu kullum waya, a gyara wannan, a ƙara wancan. Mun gwada Scrum, bai yi wata ba ya watse. Wace hanya za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban yi mamakin watsewar ba, kuma ba sakacinku ba ne. Yadda aiki ke shigo muku ne bai jitu da Scrum ba.

Scrum, tsarin gudanar da aiki da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana yanka aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, akasari sati biyu. A farkon zango tawaga ta tsayar da buri ɗaya, ba a shigo da abin da zai rushe shi, kullum kuma a yi ganawar minti 15. Sannan dole a sami mutum ɗaya mai wuƙa da nama kan abin da za a fara da abin da zai jira. To ku, wa ke riƙe da wannan? Idan kwastoma ya kira ranar Talata ya ce rasit ya daina fitowa, ba za ka ce masa ya jira sati biyu ba. Kira uku irin wannan, zangon ya tashi aiki.

Shawarata ku koma Kanban. Asalinsa daga masana'antar Toyota ne a Japan, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da kati don kada a ƙera abin da ba a buƙata tukuna. Ku raba allo gida huɗu: mai jira, ana yi, gwaji, an gama. Kowane aiki da katinsa. Amma ƙashin bayan abin shi ne iyaka: ku biyar, kada gidan "ana yi" ya ɗauki fiye da kati huɗu. Idan ya cika, ba mai ɗaukar sabo sai an fitar da ɗaya. Nan mutanenmu suka fi faɗuwa, su buɗe manhajar allo irin Trello ko Jira su jera kati ashirin, kowa ya taɓa ya ajiye. Taura biyu ba ta taunuwa. Ku ware layi guda na gaggawa, kati ɗaya tak, don kiran da ba ya jira. Ni na fi son a fara da farin allo a bango, kowa ya shigo ya gani, ko da wuta ko babu.

Aikin makarantar kuwa, ku ari abu ɗaya daga Scrum: duk sati biyu ku kai wa shugaban makaranta da akanta abin da ya riga ya fara aiki, su danna da hannunsu.

Waterfall, wato a gama tsarawa kafin gini, a gama gini kafin gwaji, za ku haɗu da shi in kun nemi kwangilar gwamnati a Abuja, domin a can ana rubuta komai a takarda tun farko, a biya mataki-mataki. Winston Royce da ya zana shi a 1970 da kansa ya yi gargaɗin haɗarin barin gwaji sai ƙarshe. Ku mutunta matakan kwangilar, amma a cikin ofis ku ci gaba da allonku, kuna gwadawa tun sati na farko.