Kafin ka sayi a-kori-kura don ƙaura, buɗe ƙofar direba

Wani ɗan'uwa ya aiko mana daga Amurka, ya ce: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida a Columbus, jihar Ohio, yanzu Allah ya sa na samu aiki a Houston. Ina da mata da 'ya'ya uku. Kuɗin da masu kwasar kaya suka yanka min ya tayar min da hankali, shi ne nake tunanin in sayi a-kori-kura ta hannu, in yi hayar ƙaramar tirela in ja kayana da kaina. Na ga wata Ford F-150 a Facebook, mai ita ya ce tana jan laba 10,000, kuma ya ce in hanzarta don akwai masu so. Saura mako biyar mu tashi. Me ka gani?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a sabon aiki, ya kai ku lafiya.

Ga tambayar da nake so ka amsa wa kanka tun kafin mu taɓa motar: ranar da kuka sauke kaya a Houston, me za ka ci gaba da yi da ita? In aikinka na buƙatarta, ko dama kana da niyyar canza mota, to madalla. In kuwa don tafiyar kwana biyu kawai za ka saye ta, ni ban goyi baya ba. Za ka biya harajin saye, da rajista, da inshora, da gyaran da ba ka san da shi ba tukuna, sannan ka dawo kana neman mai saye a garin da ba ka san kowa ba. Lissafa duk wannan, ka ajiye shi kusa da kuɗin hayar babbar motar kaya ta zuwa kawai. Kuma kar ka taɓa abin da ka saba aikawa gida duk wata a kan mota. Mutanen da ke jiransa ba su san an yi ƙaura ba, su dai sun san wata ya yi.

To mu ɗauka kana buƙatarta. Maganar laba 10,000 ɗin nan ce ta fi damuna. Ba lalle ƙarya ya yi maka ba, akwai F-150 da ke jan hakan har da ƙari. Amma sunan ɗaya ne, motocin daban-daban: inji ya bambanta, giya ta bambanta, wata an yi mata kayan ja tun daga kamfani, wata babu. Haka Silverado 1500, haka Ram 1500, haka Tundra. Sannan abin da ke kayar da mutane yawanci ba ƙarfin ja ba ne, nauyin da motar za ta iya ɗauka a kanta ne.

Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin. Akwai 'yar takarda manne da ke faɗin iskar taya, a nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. Mu ce ka ga laba 1,500, wato kilo 680 ke nan. Kai da uwargida da yara uku, mu ƙaddara laba 600. Babbar tirela mai rufi ta kamfanin haya na U-Haul, mai faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 12, iyakarta in ta cika laba 4,400 ne, kuma kusan 1,900 daga ciki nauyin ita kanta tirelar ne. Bakin tirela yana danna bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, ka ga laba 440 zuwa 660 sun tafi. Me ya rage maka? Laba 240 zuwa 460. Akwatuna huɗu da kular ruwa, shi ke nan. Wannan bayan motar da kake hango za ka loda firji da injin wanki, babu hali. Duk wanda ya yi gardama da lissafin nan, a hanya zai gani: baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birki ya ƙi kamawa da wuri, ga iyali a ciki.

Sai lafiyar motar. A Ohio ana zuba gishiri a titi duk lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa ba ya barin ƙarfe. Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba irin wannan mota, fenti sai ƙyalli, ciki fes. Na kwanta a ƙasa da fitilar waya, na ɗan ƙwanƙwasa shasi da sukundireba daidai inda ƙugiyar ja take. Ƙarfen ya riƙa zubo min a fuska ɓawo-ɓawo, a bugu na uku sukundireban ya shige ciki. A wurin nan ne fa za a rataya duk abin da mutum ya mallaka. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda ta ci ta huda ita ce ba ta da magani.

Bayan shasi, giya. Jan nauyi yana dafa man giya, in motar tana da sandar gwaji ka zaro ka shinshina: ja-ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙonewa kuwa ka yi sallama. Taya ma kar zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya da nauyi da zafin titin Texas ba sa haɗuwa. Duk da haka idonka bai isa ba. Biya makanike naka, ba wanda mai motar ya nuna ba, ya ɗaga ta sama ya duba. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa, wanda ke cewa ka hanzarta ma haka.

Takardu kuwa, nan ne ɗan ci-rani ya fi shiga uku. Lambar shaidar mota, wato VIN, mai harafi da lamba 17, ta zo daidai a wuri uku: ƙasan gilashin gaba, jikin ƙofa, da takardar mallaka. Saka ta a shafin NICB, ƙungiyar masu inshora da ke bin diddigin satar mota, kyauta ne, ka ga ko an taɓa kai rahoton sata ko an yanke mata hukuncin lalacewa. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna maka in akwai gyaran da kamfani ya kira ba a kai ta ba. Sunan da ke takardar mallaka ya zama na wanda ke tsaye a gabanka, da katin shaidarsa a hannu. "Ta ƙanina ce, ya riga ya sa hannu" magana ce da ta jefa mutane da yawa cikin wahala. Ka tabbata babu bashin banki a kanta. A Ohio sai a gaban jami'in notari, wato mai tabbatar da sa hannu a takarda, mai sayarwa ke sa hannu, don haka ku tafi tare, a can kuɗi zai canza hannu. Ka mayar da ita sunanka kafin ka bar jihar, kar ka ƙetara iyaka da takardar wani.

Mako biyar ɗin nan ya isa in ka fara yanzu. Ina so motar ta yi aƙalla mako biyu a hannunka kana hawa, duk abin da za ta nuna ta nuna a kusa da gida, ba tsakanin Memphis da Little Rock da tsakar dare ba. Kira kamfanin inshorarka ka tambaye su ƙarara ko sun rufe tirelar haya da kayan cikinta, domin sau da yawa ba sa rufewa.

Ranar lodi, kashi 60 cikin 100 na nauyi ya zauna a rabin gaba na tirela, a ɗaure tamau. In kun fito, ka tsaya a ma'aunin CAT da ke wuraren hutawar manyan motoci ka auna. Tafiyar ta haura mil 1,100, raba ta kwana biyu ko uku, kar ka wuce gudun mil 55 a awa da masu tirelar suka gindaya. In ta fara wutsil-wutsil a bayanka, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari tsaye, kar ka danna birki da ƙarfi.

Da kun sauka, agogo uku ke fara bugawa. Texas ta ba sabon zuwa kwana 30 ya yi wa mota rajista, kwana 90 ya canza lasisi. Na ukun shi ne ya fi gajarta kuma shi aka fi mantawa: in kai ko uwargida ba ku zama 'yan ƙasa ba tukuna, dole ku sanar da USCIS, hukumar shige da fice, sabon adireshi cikin kwana 10, kowa da fom ɗinsa na AR-11. In ka je ganin motar, ɗauko min hoton takardar jikin ƙofa da na ƙasan shasi, mu yi lissafin tare kafin ka ba da ko sisi.